Mu rubuta wasiyyar jinya tun hankalinmu na jikinmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikata, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana kan wani abu da kusan kowace unguwa a Sakkwato akwai gidan da ke fama da shi amma ba a son ambatonsa cikin mutane, wato rikicin tsufa, ciwon mantuwar nan da ke kama tsoho ko tsohuwa har ya kai ba su gane ɗiyan da sunka haifa, da kuma abin da ya kamata mutum ya bari a rubuce game da jinyarsa kafin ya kai wanga hali.

Bari in fara da abin da ake yi a waje, don yaranmu na karanta shi a waya suna tambayarmu, kuma mafi yawanmu ba mu da amsar da ta wuce a'uzubillahi. A ƙasar Holan tun 2002 doka ta ba likita damar yi wa mara lafiya allurar da za ta kashe shi in shi da kansa ya nema, kuma dokar ta yarda mutum ya rubuta takarda tun yana cikin hayyacinsa ya ce in na kai hali kaza a gama da ni. Beljiyam ma a 2002 ta yi tata dokar, Kanada ta biyo baya a 2016, har lardinta na Kubek ya fara karɓar irin wagga takarda ta tun da wuri daga masu ciwon mantuwa a watan Oktoban 2024. A 2023 kaɗai sama da mutum 9,000 anka yi wa haka a Holan, wajen kashi 5 cikin 100 na duk waɗanda sunka mutu a ƙasar a shekarar, mafi yawansu masu ciwon daji ne, masu mantuwa 'yan ɗaruruwa ne a ciki.

Akwai shari'a guda da ta girgiza su kansu mutanen Holan. Wata tsohuwa ce mai shekara 74, ta rubuta tun da sauran hankalinta cewa ba ta yarda a kai ta gidan ajiye tsofaffi ba, gara a yi mata allurar, amma ta ƙara da cewa ita za ta faɗi lokaci. To ciwo ya yi nisa, anka kai ta gidan, ta kai ba ta iya faɗin komi tsayayye, yau ta ce tana son mutuwa gobe ta ce ba yanzu ba. A 2016 likitarta ta zuba mata maganin barci cikin kofi, da anka zo yin allurar sai tsohuwar ta motsa tana ƙoƙarin tashi, danginta sunka riƙe ta har anka gama. An kai likitar kotu, a 2019 kotu ta wanke ta, a 2020 kotun ƙolin ƙasar ta tabbatar da hukuncin. Wallahi Edita duk sanda na tuna wanga labari sai jikina ya yi sanyi, don ko an ajiye maganar addini gefe, wa ya kamata a saurara a ranar, matar da ta yi rubutu shekarun baya ko wagga da ke kwance tana janye jiki? Ai rai bai bar ta ba, tana jin tsoro, tana jin ɗumin hannun wanda ya riƙe ta, mantuwa ba ta cire ta daga cikin 'yan Adam ba.

Mu dai matsayinmu a fili yake kuma ni ina kai ɗari bisa ɗari. Allah ya ce cikin Suratun Nisa'i aya ta 29 kada ku kashe kanku, kuma Annabi (SAW) a hadisin Anas da Buhari da Muslim sunka ruwaito ya hana mutum ya yi burin mutuwa saboda wata cuta da ta same shi, ya ce in ya zama dole to ya roƙi Allah ya raya shi in rayuwa ce ta fi masa alheri, ya ɗauki ransa in mutuwa ce ta fi. Dokar Najeriya ma laifi ta ɗauki taimaka wa mutum ya kashe kansa, ko da shi ya roƙa. Wanga babu ja a kai.

Amma ƙin allura bai sauke mana nauyi ba. Abin da ke sa Bature rubuta waccan takarda tsoro ne, tsoron ya wayi gari yana fitsari a kwance, ya zama kaya a wuyan ɗiyansa, a riƙa yi da shi yadda anka ga dama ba ya da ta cewa, kuma wanga tsoro ba na Bature kaɗai ba ne, zauna da kowane dattijo a ƙofar masallaci bayan la'asar za ka ji yana cewa Allah kar ka ba ni tsufan da zan wahalar da iyali. Annabi da kansa ya nemi tsari daga a mayar da shi zuwa mafi ƙasƙancin shekaru, kuma Alƙur'ani ya siffanta wanga hali a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, mutum ya koma bai san komi ba bayan ya sani. To mu da munka ce ba mu yarda a kashe su ba, mi muke yi musu? Na san gidan da ake kulle tsohuwa a ɗaki da kwaɗo tun safe cikin zafin watan Afrilu don kar ta fita, na san inda yara ke bin tsoho suna masa dariya don ya fito da riga a baibai, wani wurin ma in tsohuwa ta fara sambatu cikin dare tana kiran sunayen waɗanda sunka mutu sai ka ji an fara raɗa wai mayya ce tana tonon asirin kanta. Subhanallahi. Matar da ta yi goyon unguwa guda.

Wanga abu ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba aljanu ba ne ba sammu ba ne, kuma ba kowane tsoho ke yinsa ba, muna da 'yan shekara casa'in da ke kawo maka tarihin zamanin Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ba tuntuɓe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke da shi a duniya, duk shekara ana samun sababbi kusan miliyan 10, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe ne masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita irin tamu. Nau'in da ya fi yawa shi ne wanda ke ɗauke da sunan likitan Jamus ɗin nan Alois Alzheimer da ya fara bayaninsa a 1906, shi ke da kashi 60 zuwa 70. Akwai kuma wanda ke biyo bayan toshewar jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa, wanda hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki ke jawowa, kuma kowa ya san yadda hawan jini ya yi mana katutu, mutum sai ya sha magani sati biyu in kai ya daina ciwo ya watsar. Magungunan da ake da su a hannu suna ɗan rage alamu ne, ba su warkarwa. Sai dai akwai ruɗewar da ke kama da shi alhali tana jin magani, irin wadda ƙarancin sinadarin bitamin B12 ko matsalar maƙoƙo ko ciwon damuwa ke kawowa, ko tsoho ya rikice dare ɗaya saboda ciwon mafitsara, shi ya sa zama gida ana cewa ai tsufa ne ba dabara ba ce. Ga asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo cikin gari, ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, kuma zuwa Kware ba ya nufin an ce ubanka mahaukaci ne.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Baba, Allah ya jiƙansa, fataucin fata ya yi duk rayuwarsa, mutum ne da lissafin dila goma ke cikin kansa ba littafi ba biro. Abin ya fara ne da sallah, ya idar da azahar ya shafa addu'a, kafin a naɗe tabarma ya sake neman buta wai bai yi ba. Sai ɓoye kuɗi, ya cusa su cikin matashi ko ƙarƙashin buzu ya manta, ya tashi gida da faɗa wai an yi masa sata, kuma kullum wadda ke dafa masa abinci yake tuhuma. Da magariba ta gabato kuma sai ya ɗauki sandarsa da hula ya nufi zaure yana cewa zai tafi gida Inna na jiransa, Innar da ta rasu tun ban san kaina ba, alhali gidan da yake tsaye ciki shi ya gina shi da guminsa. In ka ce masa Baba ai Inna ta rasu sai ya fashe da kuka sabo fil, gobe ma haka, har ƙanwata ta gano cewa gara a ce masa to Baba bari a sha kunu tukun sai a tafi, kafin ya gama kunun ya manta. Ranar da ya dube ni ya ce Malam daga ina, ya gyara zama yana gaishe ni gaisuwar baƙo, fita na yi bayan gida na yi kukana na wanke fuska na dawo.

Amma ko a wanga hali in anka kunna masa karatu bakinsa na bi, kuma in jikanyarsa ta shafa masa man zafi a ƙafa sai ka ga fuskarsa ta saki. Wanda ya ce irin wanga mutum ya riga ya tafi gangar jiki ce ta rage, bai zauna kusa da shi ba.

Inda rashin wasiyya ya cuce mu wuri biyu ne. Na farko dukiya, don da labari ya bazu cewa Baba ya rikice sai ga mutane suna sallama, wanga ya ce yana binsa kuɗin fata, wancan ya ce akwai gonar da sunka yi musaya da baki, mu ba mu san gaskiya ba mai gaskiyar kuma ga shi zaune ba ya iya cewa e ko a'a, waɗanda shi yake bi bashi kuwa ko ɗaya bai zo ba. Na biyu shi ya fi ciwo. Da ƙarshe ya zo haɗiya ta fara gagararsa, abinci na sarƙe shi, ciwon huhu ya shiga, munka kai shi asibiti anka sa masa robar abinci ta hanci, shi kuma bai san mi ake yi masa ba sai fizge ta yake, a mayar ya fizge, har ta kai sai an riƙe masa hannuwa. A barandar asibitin nan munka rabu biyu. Yaya babba ya ce ko gida za a sayar a sayar a kai shi Abuja ko Masar, duk wanda ya ce a koma gida to ya gaji da ubansa ne. Ƙanwata, wadda ita ke wanke shi tana juya shi dare da rana, ta ce Yaya don Allah ka dubi idonsa, azaba muke ba shi. Dukansu son Baba ne ya sa su magana, kuma har yau akwai sauran tabon maganganun ranar tsakaninsu. Da Baba ya taɓa zaunar da mu ya ce ga abin da nake so, ko ya ce wane shi zai yanke, da duk ba a kai nan ba.

Mu in an ce wasiyya hankalinmu sai ya tafi kan gado da sulusi, kuma ko ita ɗin ba mu yi, in ka ce wa tsoho ya rubuta sai a ce kana masa fatan mutuwa. Alhali hadisin Ibn Umar a Buhari da Muslim cewa ya yi bai kamata Musulmin da ke da abin wasiyya ya kwana biyu ba face wasiyyarsa na rubuce a wurinsa. Mai ciwon mantuwa kuwa lokacinsa na yin magana ya fi na kowa gajarta, don hankali kan riga rai tafiya da shekaru, kuma da zarar ya gushe an ɗauke masa alƙalami, cinikinsa da kyautarsa da sa hannunsa duk ba su da ƙarfi a shari'a. Saboda haka ina kira ga duk wanda ya haura hamsin, ni ma ina ciki, ya samu takarda ya rubuta da boko ko da ajami, ko ya sa a ɗauki muryarsa a waya gaban shaidu biyu adilai. Ya faɗi wanda yake bi da wanda ke binsa, da amanar mutane da ke hannunsa, da inda takardun gida da gona suke, da wanda zai riƙe katin banki da maganar fansho in ya kasa. Sannan ya faɗi abin da ba mu saba faɗi ba: cikin ɗiyana wane ne zai yi magana da likita a madadina, a gidan wa nake so in zauna, wa na yarda ya yi mini wanka ya ga tsiraicina, in likitoci sun ce babu sauran abin yi a bar ni asibiti ko a mai da ni ɗakina inda za a lakkana mini kalmar shahada, kuma ban yarda a sayar da gidan da marayu za su zauna ba saboda jinyar da ba ta da amfani, ko kuma na yarda, kowa da ra'ayinsa, a dai faɗa.

Na san wani zai ce to wanga ba shi ne abin da Turawan ke yi ba? Ba shi ba ne, kuma nan ne nake so malamai su buɗe baki don mutane na cikin duhu. A ba mutum abin da zai kashe shi daban, barin wani magani ko na'ura da ƙwararrun likitoci sunka tabbatar ba ta da sauran amfani daban. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na birnin Amman a 1986 ta yarda a cire na'urar numfashi ga wanda ƙwararru sunka tabbatar ƙwaƙwalwarsa ta mutu gaba ɗaya, haka kwamitin fatawa na Saudiyya ya ba da fatawa cewa in amintattun likitoci uku sun haɗu a kan cewa farfaɗo da mara lafiya ba zai amfane shi ba to ba dole a yi ba. Ta fuskar doka ma Kotun Ƙoli ta Najeriya a shari'ar likita Okonkwo ta 2001 ta tabbatar cewa baligi mai hankali na da haƙƙin ƙin maganin da bai so. Ci da sha kuwa ba a hana mara lafiya, wanga haƙƙinsa ne har numfashin ƙarshe, amma ko a Amurka ƙungiyar likitocin tsofaffi shawararta ita ce ga wanda mantuwa ta kai matakin ƙarshe a ci gaba da ba shi da cokali a hankali gwargwadon abin da zai iya karɓa, don bincike bai nuna robar na ƙara masa kwana ko hana sarƙewa ba. Kowane mara lafiya da halinsa, likitan da ke dubansa ne zai faɗa, amma iyali su san suna da damar tambaya, kuma su nemi a ba shi maganin kashe zafin ciwo isasshe, don wanda ba ya iya cewa nan ke mini ciwo ba yana nufin ba ya jin ciwon ba.

Sai maganar masu jinya, wadda mu maza ba mu son ji. Muna alfahari mu ba mu kai iyayenmu gidan tsofaffi, gaskiya ne kuma Allah ya sa mu ɗore, amma in ka shiga cikin gidan za ka tarar wagga alfahari a wuyan mace ɗaya take, ko matar ɗa, ko ɗiyar da aurenta ya mutu ta dawo gida, ko kishiyar da ta fi ƙuruciya. Ita ke wankin zannuwa da asuba, ita ke shan zagi da tuhumar sata, ita ba barci ba sana'a ba zuwa biki, mu kuma mu leƙo da ledar lemo mu ce Allah ya ba da lada mu wuce majalisa, wanda ke Abuja ya turo kuɗi ta waya ya ga ya gama nasa. Ayar Suratul Isra'i da ta ce in ɗayansu ko dukansu sunka tsufa a wurinka kada ka ce musu ko tir, da ɗa take magana, ba da matarsa ba. A raba kwana, a raba kuɗin famfas da magani, ɗa namiji ya yi wa ubansa wanka da hannunsa, a ba mai jinyar nan ranar hutu ta tafi gidansu ta yi barci. Yawancin tsawar da ake daka wa tsoho da kullewar da ake masa daga gajiya suke fitowa, ba daga mugunta ba.

Gwamnati ma da nata. Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar kula da tsofaffi tun 2012, an kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a Abuja, an kuma sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023 wadda ta maye tsohuwar dokar 1958, to muna son ganin amfanin waɗannan a Gwadabawa da Tambuwal da Isa, ba a takarda kaɗai ba. A koya wa ma'aikatan ƙananan asibitocin ƙauye yadda za su gane alamun farko, a samu ma'aikatan jinya masu bi gida gida ko da sau ɗaya a wata su nuna wa iyali yadda ake juya mara lafiya don kar bayansa ya yi gyambo, sannan tsohon da ya rikice a je gida a tantance shi in maganar fansho ta taso, kar a ɗauko shi a Keke Napep a ajiye cikin rana.

Ina roƙon limamanmu na Juma'a su ware huɗuba guda kan wanga, ranar 21 ga Satumba ita ce ranar ciwon mantuwa ta duniya, Juma'ar da ta fi kusa da ita ta isa, gidan rediyon Rima kuma ya haɗa likita da malamin fiƙihu a shiri ɗaya a buɗe layi mutane su yi tambaya. Majalisar Sarkin Musulmi da likitocin asibitin koyarwa da alƙalan kotunan shari'a kuwa in sunka zauna tare za su iya fitar da samfurin takardar wasiyyar jinya shafi ɗaya, da Hausar boko da ajami, a ajiye a masallatai da asibitoci kowa ya ɗauka kyauta. In ta fito Edita, ina roƙon jaridarka ta buga ta cikakkiya yadda mutum zai iya yankewa ya cike.

Na gode da fili. Wassalam.

Naku mai karatu,
daga Mabera, Sakkwato